Tambayoyi da amsoshi kan tattalin kuɗin gida a zangunan Ankara

Shekara goma sha biyu ke nan ina riƙe da ƙaramin shagon kayan masarufi a Nima, nan Ankara (tamu ta Gana nake nufi, ba ta Turkiyya ba), kuma ni ce uwar adashin matan layinmu. Duk wanda ya zauna a wannan kujera zai ji sirrin aljihun mutane ko bai tambaya ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi kawo mini a bakin shago, wasu da dariya, wasu da hawaye. Inda na sa farashi, misali ne don lissafi ya fito fili, kowa ya sa nasa a gurbin.

Ni ba ɗan albashi ba ne, kullum nake samu kullum nake ci. Yaya zan yi lissafin wata?

Kada ka yi lissafin wata, Malam. Yi na yini. Yawancinmu a Zango ba mu san ƙarshen wata ba: direban trotro (motar haya), tela, mahauci, mai tsire, mai wake da shinkafa, duk da yamma muke ƙirga abin da rana ta kawo. Damuwar ita ce kuɗin na shigowa a tsiyaye, amma manyan buƙatu suna faɗowa a dunƙule. Haya, ragon layya, kayan sallar yara, komawa makaranta a watan Satumba, sunan matar ƙaninka wadda kowa ya ga cikinta tun wata biyar da suka wuce. Babu ɗaya a cikinsu da yake zuwa ba sallama. Mun san ranarsu, amma in suka iso sai mu riƙe baki kamar an yi mana fashi.

Ka samu littafin 'yan makaranta guda. Shafin farko, rubuta duk wani babban abu da ka san yana tafe cikin shekara, da kuɗinsa. Tara su, ka raba da kwanakin da kake fita aiki. Abin da ya fito, ba kuɗinka ba ne. In ka samu sidi 150 yau, kuma rabon manyan buƙatu sidi 45 ne, to sidi 105 ka samu. Da shi za ka ba da kuɗin cefane, da shi za ka sha shayi.

Shafi na biyu kuma, ka yi mako biyu kana rubuta duk abin da ya fita daga hannunka, har ruwan leda da katin waya da sidi biyun da ka miƙa wa almajiri. Mako biyu kawai. Na ga mazaje da suka rantse abinci ke cinye kuɗinsu, da suka rubuta sai ga shi data da okada sun fi kuɗin miya.

Mai gidan da muke haya yana neman adibans na shekara biyu. Doka ta yarda?

Ba ta yarda ba. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida, kuma akwai ofishin gwamnati mai sasanta masu gida da 'yan haya. Amma ke da ni mun san yadda Ankara take. In kika tsaya karanta wa mai gida doka, kafin ki rufe baki wani ya ƙirga masa na shekara biyu ya karɓi makulli. Dokar ta fi amfani ga wanda ya riga ya shiga ɗaki, lokacin sabuntawa. A nan ne za ki iya zama da shi cikin mutunci ki ce, "Alhaji, shekara huɗu muna tare ba ka taɓa bi na bashi ba, a wannan karon ka karɓi wata shida-shida." Da yawa suna yarda, domin ɗan haya mai biya ba shi da yawa. Kuma ko sidi goma kika ba shi, ki karɓi rasit.

Babban kuskuren da muke yi shi ne, ranar da aka biya adibans sai a yi ajiyar zuciya a manta da haya har sai saura wata biyu. Alhali washegarin biya ne ya kamata a fara tara na gaba. A ce ɗaki sidi 400 ne a wata. Shekara biyu, sidi 9,600. Mai fita aiki kwana 26 a wata, sidi 16 ne a kullum. Tunda kuwa babu mai gidan da zai bar farashi inda yake, ki mai da shi 20. Cikin wata 24 kin tara 12,480. Sidi 20 a yini ana iya jurewa. Sidi dubu goma sha biyu a mako guda, shi ne yake sa mace ta sayar da keken ɗinkinta.

Gwamnati ta buɗe wani shirin rancen kuɗin haya a farkon 2023, ana biya wa mutum adibans shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. Suna neman katin Gana da shaidar cewa kuɗi na shigo maka a kai a kai. Wanda duk cinikinsa hannu da hannu ne, babu sawunsa a banki ko a MoMo (asusun kuɗi na waya), zai sha wuya wajen nuna wannan shaida.

Susu, adashi, MoMo ko banki: a ina ya fi dacewa in ajiye?

Kowanne da aikinsa, kuma kowanne da inda yake cizo.

Mai susu yana zagayowa kullum da katinsa mai gida 31. In kina zuba sidi 20, ƙarshen wata kin ba shi 620, ya mayar miki 600, zubin yini guda ladansa ne. A shekara sidi 240 ke nan kika biya don a riƙe miki kuɗinki. Wasu suna ganin wauta ce. Ni ban gani haka ba. Abin da kike saya shi ne ƙafarsa da take zuwa ƙofarki da kunyar ce masa babu. Ga wadda kuɗi ba ya kwana a hannunta, araha ne. Sai dai ki tabbata yana cikin ƙungiyar masu susu mai rajista, kuma an san gidansa da iyalinsa. Wata shekara wani ya ɓace da zubin rabin layinmu ana saura kwana tara sallah, har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Adashi ba a cire lada mai yawa, kuma yana ba da kuɗi a dunƙule, shi ya sa ya dace da haya da jari. Amma a lura da kwasar ƙarshe. A Disambar 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Ma'ana, sidi 1,000 na ƙarshen 2021, a ƙarshen 2022 kayan kusan sidi 650 kawai yake saye. Wadda ta kwashi farko a adashin shekara guda ta ci riba, ta ƙarshe ta yi asara ba tare da kowa ya cuce ta ba. Tun daga lokacin na daina haɗa adashin da ya wuce wata shida, kuma ƙuri'a muke jefawa, ba sanayya ba.

MoMo ya yi kyau wajen biya da karɓa. Harajin tura kuɗi da aka sa a watan Mayun 2022, aka rage zuwa kashi ɗaya a 2023, an soke shi a Afrilun 2025, sai dai kuɗin cirewa wajen wakili yana nan. Aibin MoMo a wurina shi ne kusancinsa: kuɗin yana cikin aljihu, ƙarfe sha ɗayan dare ma ana iya taɓa shi. Ga kuma masu kira suna cewa sun yi kuskuren turo miki kuɗi. Lambar sirrinki ko mijinki bai kamata ya ji ta a waya ba, balle baƙo.

Banki kuwa, don kuɗin da ba za a taɓa ba sai bayan watanni. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, yana iya buɗe asusun da ba a ɗora masa komai, ya tambayi malaminsa game da sauran.

Wani ya ce in kawo kuɗi, duk wata za a ba ni kashi goma. Mutanen kirki ne, har masallaci muke haɗuwa.

Haka aka ce game da Menzgold, kamfanin da ya riƙa karɓar kuɗin mutane da sunan cinikin zinare, kafin hukuma ta dakatar da shi a Satumbar 2018, kuma har yau akwai masu bin kuɗinsu. Kafin shi an yi DKM, kamfanin ajiya da rance da ya durƙushe da kuɗin mutane. A watan Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a rana ɗaya. Ni ina sayar da sukari da madara daga asuba zuwa isha'i, na san irin gumin da ake yi kafin jari ya haifi kashi goma. Duk wanda ya ce zai ba ka wannan kana kwance, kuɗin wanda ya shigo bayanka yake ba ka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Zancen masallaci kuwa, sahu ba ya tantance ɗan damfara.

Sayen buhu ya fi sayen olonka (gwangwanin awo) araha, amma ina zan samu kuɗin buhu?

Ba sai ke kaɗai ba. Mata huɗu a gida ɗaya su haɗa, su sayi buhun masara ko shinkafa, a zo tsakar gida a raba da olonka ɗaya a gaban kowa. Haka muke yi da albasa ma. Tun da aka tayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, tafiyar ta yi nisa, mace ɗaya in ta je kuɗin mota zai cinye ribar. Amma in mutum ɗaya ya je a madadin shida, tafiyar ta biya kanta.

Lokacin saye ya fi wurin saye muhimmanci. Masara tana sauka bayan girbin Agusta da Satumba, tana hawa daga Mayu zuwa Yuli lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Gero da dawa da wake na Arewa suna shigowa ƙarshen shekara. Tumatir kuwa, da rani daga Burkina ake kawo yawancinsa, shi ya sa farashinsa yake bin sefa da halin hanya. In ya yi araha lokacin na gida, na Akomadan da Tuobodom, ki sayi kwando, ki niƙa, ki dafa har ruwan ya ƙone, ki zuba a kwalba da mai a samansa. Barkono da kuɓewa a shanya. Kuka da daddawa ba sa lalacewa, kuma miyarsu ba ta neman tumatir ko ɗaya. Iyayenmu da suka zo daga Arewa da ita suka rene mu, yanzu ne muka mai da ita miyar ranar babu.

Amma a yi hattara da ajiya, domin Ankara gari ne mai laima. Buhu ba ya zama a ƙasa, sai a kan katako, musamman gidajen da ke kusa da babban kwalbatin Nima inda ruwan Yuni ke shiga ɗaki ba sallama. Wake kuma, ki shanya shi sosai, ki cika jarkar nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor har baki, ki toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwari za su mutu da kansu, ba sai an zuba magani ba. Na taɓa sayen rabin buhu na bar shi a buhunsa, bayan wata biyu gari na tarar.

Ranar Laraba ce kasuwar Nima. Kayan gwari da yamma suke faɗuwa, lokacin da mai kaya ta gwammace ta sayar da ta kwashe.

Dafawa a gida ko sayen abinci a waje?

Ga gida mai baki biyar ko shida, tukunya ta fi, babu gardama. Ga gwauro shi kaɗai, gaskiya sau da yawa koko da ƙosai da safe, wake da rana, ya fi masa sauƙi a kan ya hura wuta, ya sayi mai da kayan miya, rabi ya lalace. Inda kuɗin yake zurarewa a wajen mai wake ba waken ba ne, rakiyar ce: ƙwai, wele (ganda), kifi, taliya, ga lemon kwalba a kai. Waken sidi goma ya koma talatin da biyar.

Yara kuma, maimakon a ba kowanne kuɗi a hannu da safe, a dama koko a gida. Olonka ɗaya na gero yana kai gida kwanaki.

Gas ko gawayi?

Gas don abin da yake nuna da wuri: shayi, shinkafa, ɗumame. Gawayi don wake da tuwo da ganda. In za a yi gawayi, murhun nan mai yumɓu a ciki, irin Gyapa, ya fi na ƙarfe zalla riƙe zafi, kuma buhu ya fi ƙullin leda araha nesa ba kusa ba. Jiƙa wake tun dare, rufe tukunya. Shi ke nan.

Mita ɗaya muke amfani da ita mu takwas, kullum faɗa. Mene ne mafita?

Wannan faɗan ya raba zumunci fiye da gado. Abin da mutane ba su lura da shi ba, kuɗin wuta hawa-hawa ne. Gidan da bai wuce yunit 30 a wata ba yana biyan farashi mafi sauƙi, wanda aka yi don talaka. In ɗaki takwas suka taru a mita ɗaya, sun wuce wannan matakin tun makon farko, sai kowa ya koma biyan farashin masu hali alhali ƙwan fitila biyu da fanka gare shi. Wanda zai iya, ya nemi mitarsa a ECG, kamfanin wutar lantarki. Akwai jira da zirga-zirga, amma yana biyan kansa.

In ba hali, a raba da kayan da ke ɗakin kowa, ba da yawan ɗakuna ba. Fanka da take kwana tana juyawa awa goma tana shan kusan yunit 20 a wata. Dutsen guga da butar lantarki da abin dafa ruwa, duk abin da yake yin zafi, shi ne ɓarawon. Sai tsohon firij. Tun 2013 aka hana shigo da firij na hannu saboda shan wutarsa, amma har yanzu ana sayarwa a bakin titi, kuma mutane na rububi don araha. Araha ba ta ado. In za ki sayi sabo, dubi takardar nan mai ruwan ɗorawa da taurari a jikinsa: yawan taurari, ƙarancin shan wuta.

Yayi, wato ankon biki, ya ishe ni. Wata ɗaya aure uku, suna biyu. In ban saya ba a ce ba ni da zumunci.

Hajiya, zauna, wannan ita ce tambayar. Duk tattalin da muka yi a kan gawayi da albasa, Lahadi ɗaya tana iya share shi. Yayin kansa, kuɗin tela, ɗankwali, takalmi da jaka da za su shiga da shi, kwalliya, kuɗin da za a liƙa wa amarya, gudummawar uwar amarya, motar zuwa unguwar Madina ko Ashaiman da dawowa. Sannan atamfar ta shiga akwati, domin wa zai sake sa ta a wani bikin a gane? Na san akwatunan da in aka ƙirga abin da ke ciki, ya sayi fili a bayan Kasoa.

Ba zan ce a daina biki ba. Wadda ba ta zuwa na mutane, ranar nata kujeru za ta yi wa rawa, kuma gudummawar da kike kaiwa ajiya ce, tana dawowa ranar da taki ta taso. A Zango wannan shi ne inshorarmu tun kafin a san kalmar. Abin da na yi wa kaina shi ne na raba bukukuwa gida uku. Na jini da maƙwabtan ƙofa: yayi da gudummawa da aikin girki. Na ƙawaye da 'yan ƙungiya: gudummawa da halarta, da kayan da nake da su masu kalar da ta yi kusa. Na wanda na sani sama-sama: in je in yi barka da safe, in miƙa abin da ya sauƙaƙa, in dawo shagona. Shekarar farko an yi gulma. An ce Hajiya ta zama 'yar boko, an ce maƙo. Shekara ta biyu mata uku suka zo a ɓoye suna tambayata yadda na yi.

Ki lura da wani abu: uwar amarya ba ta tuna wanda ya sa yayi. Tana tuna wadda ta zo tun asuba ta kama mata tuƙin tuwo, da wadda ta damƙa mata kuɗi a hannu ranar da mai tanti ya tsare ta. In kuɗinki ba zai kai duka biyu ba, bar atamfar ki kai kuɗin.

Ga masu shirya bikin kuma, ku ji tsoron Allah ku zaɓi atamfa mai sauƙi guda ɗaya. Yanzu an fara yayi uku, na ƙunshi daban, na ɗaurin aure daban, na liyafa daban. Haka zaman addu'ar uku da bakwai da arba'in, inda iyalan mamaci suke cin bashi don ciyar da waɗanda suka zo yi musu ta'aziyya. Malamai sun yi wa'azi a kan wannan har muryarsu ta dushe.

Ragon layya fa? Kowace shekara sai na ci bashi.

Layya tana kan mai hali ne, ba a ce ka ci bashi ba. In kana so ka yi, fara mako guda bayan sallar bana. Ragon sidi 3,000, sidi 60 ne a mako har mako 50. Dabbobin da ake kawowa kasuwar Tulaku a Ashaiman yawanci daga Burkina da Mali da Nijar suke, don haka in sidi ya faɗi a gaban sefa, rago ya tashi. Mutum bakwai suna iya haɗuwa a sa guda, kuma sau da yawa kason ya fi rago nama. Mai fili a gida yana iya sayen ɗan rago watanni kafin lokaci, amma ya lissafa dusa da harawa da magani, da kuma ɓarayi. A tsakiyar Nima inda ko shanya ba ta da wuri, ban ba da wannan shawara ba.

Kuɗin cefanen da maigida yake ba ni bai canza ba shekara biyu. In na yi magana sai ya ce ban iya tattali ba.

Kada ki yi masa gardama da baki, ba za ki ci ba. Rubuta cefanen mako guda, abu-abu da farashinsa, ki ajiye masa kusa da abincinsa. In bai gamsu ba, ranar Laraba ki ce, "Maigida, yau ƙafata na ciwo, ga kuɗin, taimaka ka shiga kasuwa." Sau ɗaya ya isa. Yawancin mazanmu ba mugunta ba ce, farashin da ke kansu na shekarar da suka yi aure ne. Wasu ma har yanzu da tsohon kuɗi suke lissafi, suna cewa miliyan ɗaya alhali sidi 100 suke nufi, ko da yake tun Yulin 2007 aka cire sifili huɗu.

Ke ma ki faɗi gaskiya. In kina cika cefane da ribar sana'arki, ki sanar da shi nawa ne. Mata da yawa suna rufa asiri shiru har jarin ya narke, shi kuma yana zaton kuɗinsa ne yake isa.

Ɗan'uwana a Jamus yana turo kuɗi, amma ba na ganin inda suke shiga.

Saboda kowa ya san ranar da suke isowa. Kuɗin waje a ɗaure su da abu ɗaya mai suna, haya ko makaranta ko bulo, a biya ranar da suka shigo kafin labari ya zaga gida. Kuma a tura masa hoton rasit. Mutumin nan cikin sanyi yake tashi.

Inshorar lafiya tana da amfani kuwa? An ce ko da kati sai ka sayi magani.

Wani lokaci haka ne, ba duk magani take ɗauka ba. Amma ganin likita, zazzaɓin cizon sauro, awon ciki da haihuwa, kwanciya a asibiti, babban rabo ne take ɗaukewa. Mata masu ciki tun 2008 ba sa biya. Sabuntawa sau ɗaya ne a shekara, ta waya ma ana yi da *929#. Abin da nake gani kullum shi ne sai yaro ya kwanta da dare, an isa asibitin Maamobi, sannan a tuna katin ya mutu tun bara. Ki sa ranar sabuntawa a shafin farko na littafin nan, tare da haya da rago.

Bashin waya na gaggawa fa?

Wanda kamfanin wayarka yake bayarwa, aƙalla an san mai shi, sai dai kuɗin da ake ɗorawa na wata guda ne, in ka ninka shi sau goma sha biyu za ka ga tsadarsa. Manhajojin nan marasa lasisi kuwa, waɗanda Babban Banki ya sha gargaɗi a kansu, suna kwashe lambobin da ke wayarka da hotunanka. Ka makara kwana biyu, sai surukarka da limaminku su samu saƙo cewa kai ɓarawo ne. Samarin da suke ci don su zuba a cacar ƙwallo, su ne suka fi ba ni tausayi, domin na ga wanda ya sayar da babur ɗin da yake ci da shi.

Ina tara kuɗin Hajji. In bar su a sidi ko in canza dala?

Kujerar Hajji da dala ake lissafa ta, shi ya sa take rawa. A 2024 sidi 75,000 aka biya, a 2025 ta sauko 62,000. Wanda ya riƙe sidi a 2022, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi shida zuwa sama da goma sha huɗu, ya ga tarinsa ya rabe biyu. Wanda kuma ya sayi dala a sha biyar a farkon 2025, kafin tsakiyar shekara ta sauko kusan goma, shi ma ya yi kuka. Ba wanda ya san gobe. Ni rabawa nake yi: wani kaso a dala, wani a kayan shago da suke juyawa, kuma ba na canji sai a wurin da yake da lasisi, in karɓi takarda. In kuɗin ya cika, a biya ta hannun wakilin da hukumar alhazai ta amince da shi. Masu cewa za su kai ka da bizar ziyara a rabin farashi, a Makka ake kama mutanensu.

Hajiya, to ke kina ba da bashi a shagonki?

Ina bayarwa, amma da ƙa'ida. Shinkafa, gari, sukari, sabulu, madarar jariri, ina rubutawa, a biya ranar Juma'a. Lemon kwalba da katin waya da turare, a kawo kuɗi. Wanda ya kai Juma'a biyu bai biya ba, ba na yi masa tsawa kuma ba na aika yaro ƙofarsa. Ina rufe shafinsa ne har ya zo mu zauna, ya kawo nasa littafin in kawo nawa.